Karo na Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Dundee,
iska ta taso daga kogin Tay da wuƙa a hannu.
Ƙofar gilashi ta buɗe kanta,
ita ba ta tambayar kowa daga ina.
Ban ɗaga kai ba na gane takun:
ƙafar dama na tafiya, ta hagu na biye a ja.
Struan ne.

Ni ce mai rajista a sashen gaggawa,
shekara tara ina bayan wannan kanta.
Ranar haihuwarsa na haddace ta
fiye da ta ɗan ƙanwata.
Kwamfuta ta ƙirga masa arba'in tun Janairu.
Yau ɗaya ta ƙaru.

"Morag, ƙirjina ne."
Kullum da ƙirji yake farawa.
Wata rana murya ce a cikin bango tana kiran sunansa,
wata rana shuɗɗan ƙwayoyin nan na bayan tashar bas
waɗanda mai sayar da su ma bai san cikinsu ba.
Da can mai walda ne a bakin ruwa.
Har yau tartsatsi na nan a bayan hannunsa,
ɗigo-ɗigo, fari-fari,
kamar an yayyafa masa gishiri ya ƙi kakkaɓuwa.

Kujera ta uku daga injin shayi ita ce tasa.
Wata mata rungume da yaro mai zazzaɓi
ta ja jakarta kusa da ƙafa.
Mai karyayyen hannu ya yi tsaki, ya dubi agogo.
Ba na ganin laifinsu.
Ni ma na sha cewa a raina: kai kuma?

Likita Nairn, yarinya ce, idonta ya yi ja don rashin barci,
ta manna masa wayoyi, ta karanta takardar.
"Zuciyarka lafiya lau."
Ya ce, "To, mene ne ke ciwo?"
Ta yi shiru.
Ta ba shi lambar wani ofishi
mai buɗewa ƙarfe tara ranar Litinin,
inda layin jira ya kai wata bakwai.
Dare kuwa bai san Litinin ba.
A duk unguwar nan mu kaɗai ne fitilarmu ba ta mutuwa,
shi ya sa.

Muna ɗinke rigar ta nan, tana yagewa ta can.
Ɗibar ruwa da kwando, in ji nas Eilidh,
tana faɗa, tana shafa masa bota a gasasshen burodi.

A Nuwamba ya yi mako uku bai zo ba.
Aka ce mun huta.
Ni kuwa duk motar asibitin da ta tsaya
sai na bi sunan da ido kafin in haɗiye yawu.
Daren da ya dawo, jiƙe sharkaf, yana zagin mai gadi,
na ji daɗi,
na kuma ji kunyar daɗin da na ji.

Biyar da rabi aka sallame shi.
Tsuntsayen teku sun fara rigima kan kwandon shara.
Ya tsaya a kanta ya ce, "Sai wata rana, Morag,"
kamar mai barin gidan ƴan'uwa.

Da na zagaya, ga safar hannunsa guda a kujera ta uku.
Wancan karon hula ce, kafin nan mabuɗin da ba ya buɗe ko'ina.
Na daɗe da gane ba mantuwa ba ce.
Doka ta ce a kai ta ɗakin kayan tsintuwa.
Na sa ta a aljihun teburina, kusa da biro,
ban rubuta komai ba.